Ba Kwamiti Ne Ya Haife Ka Ba, Jamilu

Deira, Dubai

Jamilu ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida yayarka Hauwa da maigidanta da jikokina, da fatan kun tashi lafiya, zafin Sharja kuma bai gasa ku da yawa ba. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin kwanciyar rai. Allah ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a can.

Na san za ka yi mamaki. Tsakanin Deira da Sharja ba nisan da za a ce sai da wasiƙa, ga waya kuma a aljihun kowa. To, ka san halin ubanka. In na buɗe baki murya ce take fara fita kafin hankali ya iso, shi ya sa Ummanka ta ce in zauna in rubuta, tunda biro ba ya daka tsawa. Tun ranar da na yi maka waccan magana muna cin abinci ka tattara ka koma wurin yayarka, ka ce can ya fi kusa da filin da kake atisaye. Ban ce ƙarya ka yi ba, amma ni ma na taɓa zama saurayi. Tashinka zuwa Amurka ya matso, kuma ba na son ka hau jirgi da maganata a ƙirjinka.

Bari in maimaita abin da ya faru, don kada ka ce na manta ko na rage wani abu. Jami'o'i biyu suka neme ka saboda ƙafar nan taka da ke iya cilla ƙwallon Amurkawa tsakanin sanduna daga nesa. Ɗaya babba ce, kowace shekara sunanta na cikin jerin gwanaye, amma sun gaya maka gaskiya cewa akwai mutane a gabanka, ƙila ka daɗe a benci. Ɗayar ƙarama ce, a wani gari da ko a taswira sai da ka matso da yatsa na gan shi, amma kocinsu ya ce tun shekarar farko kai za ka riƙa buga musu. Ka zaɓi ƙaramar. Da kake mana bayani ka ce, “Baba, ko mun ci duk wasanninmu ba lallai ne kwamiti ya zaɓe mu zuwa gasar kofin ƙasa ba.” Ni kuma na ajiye cokali na ce, “To uban me za ka je yi a inda ba a ma san da ku ba?” Haka na faɗa, a gaban Ummanka da ƙannenka.

Jiya Ummanka ta gaya mini abin da ka ce wa Hauwa: wai in ka yi shekara guda za ka nemi komawa babbar makarantar ko da a benci za ka ƙare, don Baba ya daina jin kunya. Wallahi Jamilu, saboda wannan maganar na ɗauki biro. Ba na so ka yi haka, kuma zan gaya maka dalili, amma sai ka yi haƙuri da ni domin ta nesa zan biyo.

Bayan ka bar gida na sa kaina koyon yadda abin naku yake. In kasuwa ta yi sanyi da rana, lokacin da kowa a kasuwarmu ta Naif ya ja ƙofa ya tafi cin abinci, sai in zauna a kan kwalin kago, kayan nan da nake aika wa mutane gida, in kunna waya, abin da ban gane ba in tambayi mijin Hauwa. Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ka gyara mini. Makarantun da ke wannan wasa a mataki na sama sun haura ɗari, kakar wasan kuma gajera ce, don jikin ɗan Adam ba zai ɗauki wannan karo kullum ba. Saboda haka ba yadda za a yi kowa ya kara da kowa. A da can 'yan jarida da kociyoyi ne suke jefa ƙuri'a su ce wane ne na ɗaya. Daga baya aka haɗa da lissafin kwamfuta a fitar da biyu su buga wasan ƙarshe. Mutane suka yi ta ƙorafi, sai aka kafa kwamiti ya zaɓi huɗu, yanzu kuma an faɗaɗa zuwa goma sha biyu. Idan kaka ta yi nisa, mutanen nan su shiga ɗaki duk mako su jera makarantu. Su duba wa ka ci, wa ya ci ka, a gidanka ne ko a nasa, da farkon kaka ne ko da ƙarshenta, ƙarfin waɗanda ka kara da su, har da ko babban ɗan wasanku ya ji rauni. Ƙananan makarantu irin taka suna da ƙofa, amma ƙunƙuntacciya ce ƙwarai.

Da na gama ganewa sai dariya ta kama ni ni kaɗai, har mai shagon jakunkuna na kusa da ni ya leƙo ya ce, “Habibi, lafiya?” Na ce lafiya lau. Ashe abin da Amurkawa suke yi a babban ɗaki da na'urori, shi muke yi shekara da shekaru a shagon shayin unguwar Rigga da kofin shayin karak a hannu.

Ka san gasar ƙwallon ƙafarmu ta ranakun hutu, tun kana ƙarami nake jan ka kallo, amma ba ka san cikinta ba. Mu a nan hutunmu ba ɗaya ba ne. Mu 'yan kasuwar Naif safiyar Juma'a muke samu. 'Yan Zongon Gana da ke Satwa yawancinsu a otal suke aiki, hutunsu duk ranar da manaja ya ga dama. Masu gyaran na'urar sanyi na Al Kuz, 'yan'uwanmu Kiristoci na Kudancin Kaduna da Filato, sai bayan sun fito daga coci. Ga direbobi, ga masu gadi, kowa da tasa ranar. Watannin da mutum zai iya gudu a waje ba tare da ya faɗi ba kuma kaɗan ne. Shi ya sa kowace ƙungiya take neman wadda lokacinsu ya zo ɗaya su buga, in sanyi ya kusa ƙarewa dattawa su zauna su zaɓi biyu da za su yi wasan ƙarshe. Kofin ma ba wani kofi ba ne, a layin bayan shagona ake sayen irinsa. Amma in ka ga yadda manya masu furfura suke tada jijiyar wuya a kansa, sai ka rantse gadon gidansu ne.

Kuskurena na farko, lokacin ina kocin yaran Naif ne, kai kana firamare. Na lura cewa dattawa suna son ƙungiyar da ba a taɓa ci ba, sai na ce to ai abin mai sauƙi ne. Duk lokacin da Satwa ko Al Kuz suka aiko suna neman wasa, sai in ce kwantena ta iso, yarana suna lodi. In kuwa wata ƙungiyar masu tumbi ce da ba sa iya gudu, nan take in ce yalla, Juma'a ta yi. Haka muka gama kaka ba wanda ya ci mu. Har na sa an wanke riguna an goge don wasan ƙarshe.

Ranar zaman dattawa, Alhaji Tanko mai takalma, wanda shi ne shugaba har yau, ya karanto sunaye biyu: Satwa da Al Kuz. Kowaccensu an taɓa cin ta a kakar. Na miƙe tsaye, shayi ya zube, na ce wannan zalunci ne, mu ne kaɗai ba a ci ba. Alhaji ya bar ni na gama, ka san shi da sanyin magana. Sannan ya ce, “Ado, ka ci kowa, gaskiya ne. To wa ka ci?”

Na ce, “Wanda aka kawo mini, Alhaji.”

Ya ce, “A'a, wanda ka zaɓo dai.”

Maimakon in yi shiru in haɗiye, sai na ce halas, shi ke nan, Naif ta fita daga gasar, ku riƙe kofinku. Na kuwa cika maganata, kaka mai zuwa gaba ɗaya ba mu taka fili ba. Ni a ganina na nuna musu ni namiji ne. Akwai wani Isufu ɗan Maraɗi da ke tsare mana raga, aikinsa ɗaukar kaya daga shago zuwa mota tun safe har a tashi. Wata rana ya ajiye kwali a gabana ya share gumi ya ce, “Patron, ni fa ba kofi ya dame ni ba. Safiyar Juma'ar nan ce kawai nake jin ni mutum ne.” Na ce ya yi haƙuri, shekara mai zuwa za mu koma. Kafin shekarar ta zo bizarsa ta ƙare ya koma gida, bai sake tsayawa a raga a Dubai ba. Na kwashe wa yaran nan abin da ya fi musu daɗi a mako don ni an taɓa mini girma.

Saboda haka ga shawarwarina biyu daga wannan. Kada ka taɓa murna don an haɗa ku da raunana, kada kuma gabanka ya faɗi don an haɗa ku da manya. Na ji an ce ƙananan makarantu sukan je gidan manya da farkon kaka, a cika fili ana musu ihu. Wannan ranar ka gode wa Allah, domin ranar ce za a san ko wane ne kai, kai ma ka sani. Ta biyu kuma, in ranar ta zo da kwamiti ya tsallake ku alhali kuna ganin kun cancanta, ka ji haushinka, ka ƙi cin abinci in ka ga dama, amma washegari ka ɗaura takalmi ka fita atisaye. Kada fushin mutanen da ke cikin ɗaki ya raba ka da fili.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya, don lokacin na girma, har an sa ni cikin dattawan. Kujerar da nake zagi ita aka ba ni, na kuwa zauna daram. A shekarun nan Al Kuz ta yi rauni, manyan 'yan wasanta wasu sun koma gida wasu sun tafi Katar, kowa ya san an gama da su. Sai wata kaka muka riƙa jin wai sun ci wane, sun ci wane. Amma su Lahadi da yamma suke wasa, can bayan masana'antu, lokacin ni ina tsakiyar ciniki. Satwa kuwa kusa suke, sunansu ya kafu, kocinsu abokin hirata ne, kullum sai ya biyo ya ce, “Chale, ka ga abin da yarana suka yi jiya?” Da aka zo ƙuri'ar gurbi na biyu ra'ayi ya rabu tsakanin Satwa da Al Kuz, ni ne na ƙarshe. Na ce Satwa. Ban yi don mugunta ba, ban yi don addini ba, Allah shaida ne. A kaina kawai Satwa ita ce Satwa, Al Kuz kuma waccan ce da na gani ana lallasawa shekarun baya.

Da muka fito, Bulus kocin Al Kuz yana tsaye a bakin shagon shayin da kayan aikinsa a kafaɗa, daga gyara ya wuto. Mutumin Kagoro ne, shi ya gyara mana na'urar filat ɗinmu lokacin da ta mutu cikin azumi, ƙila ka tuna shi. Ya gaishe ni da ladabi ya ce, “Malam Ado, ban zo faɗa ba. Tambaya ɗaya ce. A bana ka taɓa zuwa ka kalli yarana?”

Na ce, “Ina samun labari.”

Ya ce, “Daga bakin wa?”

Ni kuwa daga bakin kocin Satwa nake samu. Na jira ya yi irin abin da na yi a da, ya ce sun fita. Sai ya gyara jakarsa ya ce, “Ba komai. Ranar wasan ƙarshe mu za mu kawo ruwa mu zana layi. Amma Lahadi mai zuwa muna da wasan sada zumunci, in ka samu hali ka zo.” Na rufe shago na hau jirgin ƙasan metro na je. Jamilu, yaran nan sun fi Satwa, ba ma kusa ba. Na tsaya a bakin fili rana tana dukana, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba zan ƙawata maka labari in ce sun ɗauki kofi daga baya ba. Har yau ba su ɗauka ba. Amma ko kaka ɗaya ba su fasa ba, kuma duk ƙungiyar da ta ji za ta kara da su sai ta yi shiri na gaske.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, na zauna a cikin ɗakin, na san yadda yake. Waɗanda ke ciki mutane ne. Na yarda na Amurka sun fi mu ilimi da kayan aiki, ƙila suna kallon wasanni fiye da yadda muke yi, amma ido ido ne. Abin da ke kusa ya fi girma a gare shi, sunan da aka saba ji ya fi daɗin faɗa, kuma rashin nasarar makon jiya ya fi na watan da ya wuce zafi a ƙwaƙwalwa. Yawancinsu ba azzalumai ba ne, an dai ba su aikin da ba mai iya yin sa daidai. Don haka kada ka tsane su, kada kuma ka ɗauki jerinsu kamar saukakken abu. In sun sa ku sama kada kanka ya kumbura, in sun manta da ku kada ka ce ba ku da amfani. Lamba ce da wasu bayin Allah suka rubuta bayan sun sha shayi, mako mai zuwa ma za su canja ta.

Yanzu na zo kan na uku, wanda shi ya shafe ka. Ka ɗauka don ina ƙaunar kofin ƙasar Amurka na yi maka tsawa? Ni da ko dokokin wasan ban gama sani ba, har yanzu ban gane dalilin da ya sa ake tsayawa kowane ɗan lokaci a yi ta shawara ba. Ga gaskiyar magana. Ranar da babbar makarantar ta fara tuntuɓar ka, ban jira ka yanke shawara ba. Na fita layi na bi shago shago. Ka san Naif, in ka yi atishawa a layin takalma sai a ce maka sannu a layin atamfa. Kafin la'asar kowa ya ji ɗan Ado mai kago zai tafi makarantar da ake nunawa a talabijin. Wani Alhaji da ya zo sari daga Kano har ya ce ɗan'uwansa na can ya san sunanta, wai in suna wasa gari tsayawa yake. Aka yi ta ba ni hannu, ni kuma ina ta washe baki kamar ni zan buga. To da ka ce ƙaramar ka zaɓa, ba kai na gani a gabana ba, fuskokin mutanen layi na gani. Na auna makarantarka da suna ban taɓa kallon wasanta ko ɗaya ba. Abin da na yi wa Bulus shi na yi wa ɗan cikina.

Na gyara abin da zan iya gyarawa. Na sa mijin Hauwa ya nemo mini wasanninsu na bara na kalla. Filinsu ƙarami ne, ana hango bishiyoyi ta bayan 'yan kallo, kuma na ga tsofaffi da barguna a cinya suna ta ihu kamar jikokinsu ne a ciki. Na ga wanda yake buga musu ƙwallon kafin kai, kuma ba don kai ɗana ne ba, ka fi shi. Ummanka kuma ta gaya mini abin da ban tsaya na saurara ba a ranar: kocin nan da kansa ya kalli duk bidiyon da ka tura, ya kira ka ya faɗa maka inda kake kuskure wajen dasa ƙafar hagu, sannan ya tambaye ka yadda za su yi da kai lokacin azumi da sallar Juma'a tun kafin ka tambaya. Mutumin nan ya kalle ka kafin ya yanke hukunci, ni ubanka ban yi haka ba.

Yau da safe kuma na sake bin layin, shago shago, kamar yadda na bi da farko. Na ce musu waccan maganar na yi gaggawa, ga makarantar da yarona ya zaɓa. Sunan ma sai da na rubuta a tafin hannu don harshena ya ƙi ɗauka. Ba wanda ya taɓa jin ta. Wani ya ce, “A Amurkar take kuwa?” Wani ya ce Allah ya sa alheri da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba, amma ban mutu ba, kafin azahar ma sun koma maganar kuɗin jirgi. Alhaji Tanko ne kawai ya tambaye ni abu mai ma'ana. Ya ce, “Zai buga?” Na ce tun shekarar farko. Ya ce, “To me kake nema kuma?”

Saboda haka ka saurare ni da kyau. Ka riga ka ba kocin nan kalmarka, ka tsaya a kanta. In wata rana ka ga karatun bai yi maka ba, ko ana wulaƙanta ka, ko wata dama ta zo da kai da kanka kake so, mu zauna mu yi shawara, ba zan hana ka ba. Amma kada ka bar inda ake buƙatar ka ka tafi dumama benci don wai ubanka ya samu abin faɗa a kasuwa. Ban yarda ba, ban kuma yafe wa kaina ba in hakan ta faru. Ba na jin kunyarka, Jamilu. Ban taɓa ji ba. Kunyar bakina na ji, na ɗora maka.

Sauran 'yan abubuwa, tunda na riga na ɓata takarda. Na lura aikin naka na kaɗaici ne. Sauran suna ta kokawa, kai kana gefe kana jira, sai abu ya ƙure a ce fito. In ƙwallo ta shiga a ɗaga ka sama, in ta kauce kai kaɗai za a gani, har a ce bugunka ne ya sauko da makaranta daga jeri. Ranar za ta zo, don ba ƙafar da ba ta kuskure. In ta zo kada ka buɗe waya ka karanta abin da mutane ke rubutawa. Ka yi alwala, ka yi sallarka, ka ci abinci. Kada kuma ka ɗora wa wanda ya riƙe maka ƙwallon laifi a gaban mutane ko da nasa ne, gobe ma shi zai riƙe maka.

In gwiwa ko ƙugu ya yi maka ciwo ka faɗa tun da wuri, kada ka yi ta maza don ana tsakiyar kaka. Ka ga yadda nake hawa matattakalar metro yanzu, shwayya shwayya kamar mai ɗauke da tulu, duk taurin kan ƙuruciya ne. Karatu kuma shi ne asalin abin da ya kai ka, ƙwallo ta biya maka hanya ne kawai. Ranar da ƙafa ta gaji, takardar ce za ta rage.

Ummanka tana nan tana ta cusa yaji da kuka da kilishi a akwatinka. Na gaya mata kilishin ba zai wuce filin jirginsu ba, ta ce in bar ta. Kai dai ka cire shi ka bar wa Hauwa, kada ka fara rayuwar Amurka da bayani a gaban jami'ai. Rigar sanyin da ta saya maka a Satwa kuma ta sanyin Dubai ce, in ka isa ka nemi ta gaske. Ka nemi masallaci tun makon farko, ko ɗaki ɗaya ne. Ka zauna lafiya da kowa, ka tuna wanda ya koya wa ubanka haƙuri sunansa Bulus.

Na sa maka albarka a wannan tafiya, da wannan makaranta da ka zaɓa, da bakina da zuciyata. Allah ya yi maka jagora, ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga rauni da mugun aboki, ya ba ka ilimi mai amfani. Allah ya daidaita ƙafarka, ranar da ta kauce kuma ya ba ka juriya. Ya sa mu sake ganawa cikin alheri. Amin.

Ranar tafiya zan rufe shago in zo filin jirgi. In ka ga na yi shiru a can kada ka ɗauka fushi ne, tsoron muryata nake kada ta ba ni kunya a gaban mutane. Abu ɗaya nake roƙo. Na san in ka sauka Ummanka za ka fara kira, haka ka saba, kuma haƙƙinta ne. Amma wannan karon mun yi magana da ita, ta yarda ta ba ni aro. Ni ka fara kira, ko da “Baba, na iso” kawai za ka ce. Na yi kewar muryarka tun kana Sharja.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ado